Rijiyar Fakon Liman a Bayan Ofishinmu

Ni dai aikina a Cibiyar Koren Gobe bai wuce in zauna a teburin bakin ƙofa ba, in amsa waya, in ce wa baƙi Hajiya tana mitin, ko da kuwa dambun nama take ci a ciki. Sunana Jacinta, 'yar Wusasa ce ni, ina haya a Tudun Murtala. Kullum sai na hau adaidaita biyu kafin in iso Nassarawa GRA in ceci duniya. Ai ceton duniya muke yi, haka aka rubuta a allon ƙofarmu: ci gaba mai ɗorewa ta hanyar fasahar zamani. An rubuta da Turanci, an kuma rubuta da Hausa, don kada wani ya wuce bai san ana cetonsa ba.

Ofishin tsohon gida ne mai faɗin fili, irin na da. Lokacin da aka kama shi haya akwai mangwaro ɗaya da darbejiya biyu a tsakar gidan. Sai aka ga suna tare wa farantan sola rana, aka sare su, aka shimfiɗa intalok daga bakin get har katangar baya. Mu ne kuma masu koya wa jama'a dashen itace.

Iyayen gidanmu suna can Turai. Ban taɓa ganin ƙafar ɗayansu ba, daga ƙirji zuwa sama kawai na san su, a cikin ƙatuwar talabijin ɗin da aka kafa a bango gaban teburina. Wanda yake kula da mu Mista Oliver ne, mutum mai yawan murmushi, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya nuna zane. Yana da wani layi da yake ƙauna ƙwarai, layi ne mai hawa sama. Wai ya nuna duk ƙasar da ta fi amfani da waya da kwamfuta ita ta fi ɗorewa. Na taɓa tambayar shugabarmu, Hajiya Najla, ko dai masu kuɗin ne kawai suka sayi wayar kuma suka haƙa wa kansu rijiyoyi, layin ya zo daga baya ya tarar da su. Ta ce in je in duba ko an kawo ruwan shayi.

Shi Mista Oliver ne ya kawo gasar. Ƙasashe da dama ne a ciki, mu da Kenya da Ghana da Bangladash da wasu da sai na duba taswira na yarda akwai su. Kowacce za ta zaɓi ƙauye ɗaya a kai masa dashe. Duk itacen da aka dasa za a ɗauke shi hoto da wata manhaja ta waya, a riƙa maimaitawa lokaci zuwa lokaci don a ga yana raye. Hoton ya tafi Turai, ya dawo ya zama ɗigon kore a taswirar talabijin ɗinmu. Bayan rani biyu, inda ɗigon ya fi yawa, nan za a haƙa rijiyar burtsatse mai sola, a daidai wurin da itatuwan suke.

Abin da ya fi burge shi da shirin, in ji shi, shi ne babu hannun ɗan Adam da zai iya taɓa lissafin. Na'ura ce ke gani, na'ura ce ke yanke hukunci. Ya faɗi haka yana murmushi, mu ma muka yi murmushi, duk da mun san hannun su wa yake nufi.

Ana cikin neman ƙauye ne Malam Idi direbanmu ya shigo ofishin Hajiya, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ni da na san shi shekara da shekaru ban taɓa jin ya roƙi ko katin waya ba. Mutum ne da in ka ba shi abu sai ya yi godiya har ka ji kunyar ƙanƙantar abin. Ranar nan ya roƙa. Ya ce garinsu, Fakon Liman, can cikin Jigawa, rijiya ɗaya gare su, kuma kafin tsakiyar rani take ƙafewa. Daga nan sai mata su kama hanyar kwari tun da sanyin safiya, su tona yashi, su jira ruwa ya tsattsafo. Ya ce in aka ba su dashen, shi ya ɗauki alkawari ba za su bari ko ɗaya ya mutu ba.

Hajiya ta yarda, musamman da ta ji cewa ga direba ɗan gari, ba sai an nemi mai nuna hanya ba.

Shi kuma ya je ya tsaya gaban mai gari da dattawa ya ba da tasa kalmar. Ya ce musu in suka raya itatuwan nan, rijiya za ta zo. Aka tambaye shi ko ya tabbata, domin an sha zuwa da fararen motoci a yi musu hoto a tafi. Ya ce wannan karon ba mutum ba ne zai yanke, na'ura ce, ita kuwa ba ta da ɗan'uwa, ba ta karɓar na goro.

Sau ɗaya na bi su can, a rani na farko. Allah ya sani da na ga wurin sai da na ce a raina wannan wasa ne. Ƙasa ce busasshiya mai tauri, rana kuma ba ta sassauta wa kowa. Amma ga dashe nan jere daga bayan masallaci har bakin gonaki, darbejiya da zogale da gawo, kowanne an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wadda take jagorantar matan Inna Binta ce, yayar Malam Idi, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Siririya ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta raba wa kowane gida nasa itatuwan. Ruwan alwala ba ya zuba ƙasa a banza, ruwan wanke-wanke ma haka, duk a tara a kai gindin itace. Ta ce mini har wankan yara sun rage. Na ga wata tsohuwa ta sauke jarka daga kai, ta zuba wa zogalenta kafin ta kurɓa. Ni da nake riƙe da gorar ruwa mai sanyi sai na rasa inda zan ɓoye ta.

A garin babu sabis ko kaɗan. Mai son waya sai ya hau wani tudu a bayan gari, ya ɗaga hannu sama, ya yi ta juyi. Ko a can ma magana ce kawai ke shiga, ita ma rabi-rabi.

Mai ɗaukar hoton Alex ne, jami'inmu na fita ƙauye. Magidanci ne mai digiri biyu, kuma ba zan zalunce shi ba, yana aikinsa. Yakan bi itace ɗaya bayan ɗaya cikin rana, yana gumi, yana ɗauka. In suka dawo Kano ya zauna a kujerar da ke kusa da teburina, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Anti, kalli bango." Sai mu ga kore yana ƙaruwa a arewacin Najeriya. Muka wuce Ghana, aka sayo lemo. Muka wuce Bangladash, Hajiya ta ɗinka sabon leshi. Kenya ce ta tsaya mana a wuya har ƙarshen rani na biyu, kullum suna gabanmu da ɗan kaɗan. Har na tsani Kenya, ni da ban san kowa a can ba.

Ranar da aka faɗi sakamako Mista Oliver ya fito a bango, kewaye da ƙananan fuskoki daga sauran ƙasashen, kowa cikin ɗan akwatinsa. Ya ce Najeriya ce ta ɗaya. Ya ce ba a taɓa ganin itatuwa masu yawa haka sun rayu a wuri ɗaya ba, kuma wannan ya tabbatar da layinsa. Fuskokin suka yi tafi, na Kenya ma ya yi, amma a hankali.

Malam Idi yana tsaye a bakin ƙofa, don bai saba zama cikin mitin ba. Da na fassara masa sai ya juya ya fita. Na leƙa ta taga na gan shi a bayan mota yana share ido da hularsa. Yammacin nan ya aika da saƙo ta bakin wani direban motar kasuwa, aka gaya wa Inna Binta ta hau tudu. Ina ji yana ɗaga murya a waya yana cewa, "Yaya, an ci. Na ce an ci. Rijiyar taku ce."

Kwana kaɗan bayan haka na zo da safe na tarar da shatin yatsu a jikin talabijin ɗin, maiƙon ƙosan wani. Irin wadda ake taɓawa da hannu ce, amma ba mai taɓa ta, don Hajiya ta ce kuɗinta ya fi albashinmu duka. Kullum taswirar duniya ce a kai, Najeriya ba ta fi tafin hannu ba, ga koren tabo a samanta. Na ɗauko tsumma na fara gogewa. Ina gogawa taswirar tana matsowa. Na ga Najeriya ta cika bangon, na sake gogawa na ga Kano. Na ce to, bari in ga garin su Malam Idi daga sama. Sai dai koren bai yi gabas wajen Jigawa ba, yana nan daram a tsakiyar birni. Na ci gaba da matso da shi da yatsa, na ga titinmu, na ga gidan maƙwabcinmu mai wurin ninƙaya, sannan na ga rufin ofishinmu.

Itatuwan Fakon Liman duka suna nan a gidanmu. Suna kan kwano, suna kan farantan sola, suna wurin ajiye motoci. Inda suka fi cunkoso kuwa shi ne daidai kujerar da ke kusa da teburina.

Alex na shigowa na ja shi gaban bango. Ya kalla, ya sake kallo, ya zauna a kan dajin nasa.

"Alex, me ya kawo zogalen Inna Binta falonmu?"

Ya daɗe yana latsa waya kafin ya amsa. Ashe manhajar ba ta rubuta inda aka ɗauki hoto, inda aka tura shi take rubutawa. Waɗanda suka ƙera ta a ƙasarsu sabis yana bin mutum har banɗaki, don haka a wajensu ɗauka da turawa abu ɗaya ne. A Fakon Liman kuwa hotunan sai su taru a cikin wayar su jira.

Na ce, "To ai a hanya akwai sabis. Me ya sa ba su tafi tun daga garin farko da kuka tarar ba? Da aƙalla sun faɗa Jigawa."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce yakan kashe data in za su fita, don hotunan suna da nauyi, suna cinye masa ita, ga shi da ita yake kallon ƙwallo a ƙarshen mako. Sai ya bari ya dawo ofis ya tura da wayfai na kyauta.

Na dube shi. Mata sun yi rani biyu suna ɗaukar ruwa a ka, shi kuma yana tattalin data.

Muka shiga wajen Hajiya Najla. Ta saurara har ƙarshe, ta cire gilashinta, ta ce a rufe ƙofa. Sannan ta kira Mista Oliver, ta bar ni a ciki, wataƙila don ta ga ba zan fita ba.

Mista Oliver ya ce wannan abu ne mai ban sha'awa ƙwarai. Da bakinsa ya faɗa, kuma sau biyu. Ya ce za su koyi darasi, za a ma rubuta shi a rahoton shekara a ƙarƙashin babin darussa. Hajiya ta tambaye shi ko za a iya ɗaga ɗigon a mayar da su inda itatuwan suke. Murmushinsa ya ragu. Ya tuna mana cewa ba hannun da zai iya taɓa lissafin, har nasa, kuma wannan shi ne ƙarfin shirin. Hanya ɗaya ce: mu shigar da ƙorafi cewa bayananmu ba daidai ba ne. In muka yi haka na'ura za ta share na Najeriya gaba ɗaya, rijiya ta koma Kenya, cibiyarmu kuma a dakatar da ita sai an gama bincike.

Na sa baki ba tare da an ba ni izini ba. Na ce to a bar ɗigon inda suke, amma a ce wa mai haƙa ya wuce Jigawa. Ya ce ai shi ma mai haƙar da manhajar yake aiki. Ba za a sallame shi ba sai hoton injinsa ya faɗo a kan ɗigon.

Da aka kashe kiran Hajiya ta dube ni ta ce, "Jacinta, kina so Kenya ta ɗauka?"

Na ce, "Hajiya, ni ban san kowa a Kenya ba, amma ina jin in an ba su a ƙauye za a haƙa."

Ta ce rijiya a Najeriya ta fi babu rijiya a Najeriya. Ta ce in tuna mutum nawa ne ke ci daga cibiyar nan, har da ni, har da shi Malam Idin. Ta ce za ta nema wa ƙauyen wata a shiri na gaba, ai yanzu sunanmu ya fito, kuma Fakon Liman na nan a sahun masu jiran ruwa. Sannan ta ce tunda ni muka saba da shi, ni zan gaya masa. Haka manya suke, in labari mai daɗi ne su fito da leshi, in mai ɗaci ne su tuna akwai sakatariya.

Na same shi a rumfar motoci yana duba mai. Na yi bayani a hankali, na sake yi, don ni kaina da nake faɗa ban ji ya shiga kunne ba.

Ya ce, "Malama Jacinta, wato ba a ga itatuwan ba?"

"An gan su, Malam Idi. Duka an gani, har an yaba."

"To a ina aka gan su?"

"A nan."

Ya dubi intalok ɗin da muke tsaye a kai, ya bi shi da ido har katanga. Bai yi fushi ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce tun da labari ya isa gari aka yi gayya. Maza sun fito da fartanya da gatari sun faɗaɗa hanya tun daga bakin kwalta, don babbar mota ta samu wucewa. Mai gari ya ba da filin gefen gidansa, an share, an kafa duwatsu a kewaye. Wani ma ya ajiye ɗan akuya na ranar da ruwa zai fito.

Ya ce, "Ni na ce musu na'ura ba ta da ɗan'uwa."

Na ce, "Ba ka yi ƙarya ba. Ba ta da shi."

Babbar motar ta zo kuwa, ba ta sha wahalar hanya ba, kwalta ce har ƙofarmu. Da yake ba a haƙa rijiya a falo, mai kwangilar ya auna ya ga bayan ofis ma yana cikin da'irar da na'ura ta yarda da ita. Aka fasa intalok, 'yan taku kaɗan daga tsohuwar burtsatsenmu wadda ba ta taɓa ƙafewa ba. Malam Idi ne ya riƙa kai wa ma'aikatan abinci. Ya yi ta jan ƙafa kafin ya iya gaya wa yayarsa. Da ya faɗa mata a waya, ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka jera fararen kujeru, aka fito da talabijin ɗin waje don sauran ƙasashe su shaida. Rijiyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tanki fari a sama, famfo huɗu a jere, ga allon ƙarfe an rubuta cewa kyauta ce ga al'ummar da ta raya itatuwa. Al'ummar da ta halarta kuwa maƙwabta ne masu manyan motoci da 'yan jarida biyu da suka zo don abinci.

Ana tsakiyar jawabi na hango maigadi yana tare wata mata a get. Doguwa ce, da mayafi mai duhu, riƙe da jarka rawaya babu komai a ciki. Na tashi na je da kaina.

"Inna, sannu da hanya. Ku shigo."

"Yauwa 'yata. Ina Idi?"

Ya taho ya durƙusa ya gaishe ta, bai iya ɗaga ido ba. Ita kuwa iyali kawai ta tambaye shi. Sannan ta juyo gare ni ta ce an ce itatuwansu suna nan, tana so ta gani.

Na kai ta gaban talabijin lokacin da aka tashi shan lemo. Na matso da taswirar har rufinmu ya fito da korensa. Ta kalli bangon, ta waiwaya ta kalli tsakar gidan, ta sake kallon bangon. Na taɓa ɗigo ɗaya, hoton da ke ƙarƙashinsa ya buɗe: darbejiya ce ta kai tsayin mutum, da ƙayarta a kewaye.

Ta matso kusa. Ta ce, "Wannan ta bayan gidan Liman ce. Akuya ta taɓa cinye kanta, muka ce ta mutu, sai ta sake tohowa." Ta ɗan yi murmushi. "Ta yi kyau a nan."

Daga nan ta ɗauki jarkarta ta nufi famfo. Ba ta nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin hana ta. Ta murɗa, ruwa ya zubo da ƙarfi, fari tas. Ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta yi hamdala, ta kafa jarkar. Ta ce za ta kai wa matan su ɗanɗana, kada su ce ba su taɓa shan ruwan rijiyarsu ba.

Ina kallonta ne shi ya sa ban ga Alex ba. Hannunsa ya riga ya saba, in ya ga abu sai ya ɗauka. Ya ɗauke ta hoto tana sunkuye a kan jarka, ruwa yana ƙyalli a rana. Manhajar ta tambayi sunan mai amfana da garinsu, ya rubuta gaskiya, don Alex ba ya ƙarya. Wayfai kuwa ga shi nan a kusa.

Mista Oliver ya kusa fitowa daga bangon don murna. Ya ce ga shaida ta farko ta iso, mace daga cikin al'umma tana ɗibar ruwa mai tsabta, kuma wuri ya yi daidai da ɗigo. Fuskokin ƙasashe suka yi tafi. A gefen taswirar, inda ake jera garuruwan da ke jiran ruwa, sunan Fakon Liman ya sauya daga ja zuwa shuɗi, sannan ya fice daga sahun. Na tambayi Alex ma'anar shuɗi, ko da yake na sani. Ya ce a hankali, wai an biya musu buƙata ke nan, ba za su sake shiga wani shiri na ruwa ba. Na nemi Hajiya da ido, na gan ta tana gyara ɗankwali za a yi hoto.

Inna Binta ba ta san abin da ake wa tafi ba. Ta rufe jarkarta da leda, ta ɗaure da tsumma, Malam Idi ya ɗauka ya saɓa a kafaɗa. Motar ofis ba ta fita sai da aikin ofis, don haka adaidaita zai nema mata zuwa tasha. Na raka su bakin get. Ta riƙe hannuna ta ce:

"To 'yata, ke da kike cikinsu. Mu ci gaba da ba su ruwan, ko mu bari?"

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na tsaya ina kallon jarka. Ta jira kaɗan, ta ga ba abin da zai fito, ta ce Allah ya yi mini albarka, suka tafi. Na koma banɗaki na yi kuka, na fito na raba wa baƙi naman kaza.

Sati bai cika ba saƙo ya zo daga Turai. Ashe rijiyar tana da mita a cikinta, mai aika musu yawan ruwan da aka ɗiba kullum. Mista Oliver ya damu. Ya ce gari guda bai kamata ya sha ruwa kaɗan haka ba, in aka ci gaba a haka na'ura za ta rubuta cewa aikin ya gaza, kuma hakan zai taɓa matsayin Najeriya. Ya tambaya ko akwai wata al'ada da ke hana mutanen amfani da famfo, ko suna buƙatar a wayar musu da kai.

Hajiya ta kira Malam Idi ta ƙara masa aiki. Yanzu da ya iso da safe, kafin ya taɓa mota, yakan zagaya bayan ofis ya buɗe famfo huɗun nan. Ya wanke motoci, ya wanke intalok, in ya rasa abin wankewa ya saka tiyo a kwata ya bar shi yana gudu. Yakan tsaya a wurin da hannu a baya har sai Alex ya leƙo ta taga ya ce ya isa na yau. Bai je gida ba tun ranar, ko da sallah.

A mitin ɗin watan jiya Mista Oliver ya nuna wa sauran ƙasashe sabon zane. Ya ce su yi koyi da Fakon Liman, domin a duk garuruwan da ke cikin shirin babu inda ake samun ruwa a wadace kamar can. Aka yi tafi. Daga inda nake zaune ina jin ƙarar ruwan yana bin kwata yana fita titi.